Lodin Jaki a But ɗin Motar Alhaji

Ku da kuka buɗe ido kuka same ni ina juya sitiyari da yatsa biyu, kuna zaton da makullin mota aka haife ni. To, ku gyara zama. Ubanku ɗan jaki ne, jikan ɗan jaki. Daga wani ƙauye na gefen Sandamu na taso, ina kora jakuna uku zuwa kasuwar Daura da gero da kanwa, kuma har gobe in na ga jaki da kaya a karkace sai hannuna ya soma ƙaiƙayi. Karatuna kun san iyakarsa: izu biyu a allo, sai wata huɗu a ajin yaƙi da jahilci, inda malamin ya ce ba don raken da nake kawo masa ba da tuni ya sallame ni. Saboda haka in kun ga wani harafi ya kwanta a cikin littafin nan, ku tashe shi, ku wuce. Tuƙi kuwa a wata tsohuwar akori-kura mai zuwa Kongolam na koya, ina karen mota, shekara biyu ina sa wa taya dutse kafin direban ya yarda in taɓa giya.

Shekarar da nake son ba ku labari ita ce wadda gwamnati ta yi wa ma'aikata ƙarin albashi. Malaman makaranta da masinjoji suka soma cin nama kullum, shanu suka yi daraja, Alhaji Isuhu mai fataucin shanu ya je Kano ya dawo da mota fara sal, ko ledar kujerunta ba a cire ba. Shi bai iya tuƙi ba, kuma bai yi niyyar koya ba. Kowa ya ɗauka Lawal zai ba, ɗan ƙanensa, wanda ya gama firamare, yana da lasin, yana kuma karanta allon hanya da ƙarfi ko ba a tambaye shi ba. Sai Alhaji ya aika aka kira ni, don ya san mahaifina. Ya ce wanda bai taɓa dukan jaki a kan hanya ba, ba zai wulaƙanta mota ba. Ni kuwa, mai hankalin nan, a makon na sayar da jakunana duka uku, na kama ɗaki a cikin gari, na ɗauko innarku da muka yi wata bakwai da aure. Na kashe duk wata hanyar komawa da hannuna. In makullin nan ya fita daga aljihuna, ƙauye zan koma a ƙasa, ba jaki, ba mota, da amarya a bayana tana ɗauke da kayanta.

Abin da ban sani ba shi ne, gidan Alhaji ba Alhaji ke mulkinsa ba. Akwai mahaifiyarsa, Hajiya Babba, wata 'yar guntuwar tsohuwa da ba ta kai kafaɗata ba. Ko gishiri bai shiga tukunya a gidan sai ta gani. Alhaji da ke tsawata wa bijimi ya tsaya, in ta kira sunansa sai ya cire takalmi tun daga soro.

Kwana uku da kama azumi aka aike ni Kano cefane. Lawal ya rubuta takarda, na miƙa ta a wani babban kanti, suka zuba mini kaya a jakunkunan takarda masu ruwan ƙasa: sukari mai ƙwaya a kwalinsa, ganyen shayi, madarar gwangwani, fulawa. Na biya kasuwa na ƙaro galan na man gyaɗa da galan na kananzir. Na buɗe but na tsaya ina kallo. A akori-kura kaya ke matse kaya, ba ruwanka da tsari. Nan kuwa fili ne fetal, ga 'yan jakunkuna tsaye kamar marayu. Sai na koma ga ilmin da na gada. Lodin jaki dokarsa ɗaya ce: nauyin hagu ya zo daidai da na dama, a bar tsakiya don ƙashin baya. Na sa kananzir da sukari can hagu, man gyaɗa da fulawa can dama. Har ɗaga su na yi da hannu biyu ina aunawa. Sannan na samo igiya na ɗaure wuyan galan ɗin nan da wuyan wancan, ta ratsa tsakiya, kamar yadda mangala ke hawa bayan jaki, ɓari nan ɓari can. Na ja da baya na yaba wa kaina. Na ce mutanen Kano su zo su ga lodi.

Na wuce Kazaure kaɗan sai ga garken shanu ya tsallako hanya. Na taka birki. Abin da na ji a bayana kamar an tura tsohuwa cikin ɗakin tukwane. Da na buɗe, man gyaɗa ya faɗi, igiyata mai albarka ta jawo kananzir ya bi shi, murfin kananzir ɗin ya fice, jakunkunan sun kwanta a ciki suna sha. Da mai tsoron Allah ne da ya zubar da sukarin ya je ya faɗi gaskiya. Ni sai na baje ƙwayoyin a kan murfin inji, rana ta busar da su. Na shinshina, ban ji komai ba, don a lokacin duk duniya kananzir take yi mini. Ɗanɗanawa kuwa ba hali, ina azumi. Kun ga inda tsoron Allah ya tsaya mini: ban yarda in lasa sukari ba, amma na yarda in mayar da shi kwali in kai wa mutane.

Da magariba muna zaune a zauren Alhaji, da baƙi, har da limamin unguwa, aka kawo kunun tsamiya. Liman ya yi bisimilla ya kurɓa. Ya tsaya. Ya dubi ludayin, ya dubi Alhaji.

"Alhaji, wannan kunun sha ake yi ko kunnawa?"

Zaure ya fashe da dariya, ban da mutum biyu, ni da mai gidan. Ba a jima ba aka ce Hajiya Babba na kira. Na same ta a kan tabarma, kwalin sukari a gabanta, Alhaji da Lawal na tsaye a gefe. Na durƙusa.

"Sannu, sarkin jakuna," in ji ta.

"Ranki ya daɗe, shanu ne suka..."

"Shanun ne suka shanya sukarin suka mayar kwali? Kai, ɗan nan, zubewa ba laifi ba ne, kowa na zubarwa. Amma ka sa mutum goma sha suka buɗe baki da man fitila, har da liman."

Lawal ya yi gyaran murya ya ce shi dama tun farko bai so ya yi magana ba. Hajiya ta ce to ya ci gaba da rashin so. Sannan ta yanke hukunci. Ranar Alhamis da kanta za ta je Kano sayen kayan azumin da za a kai wa surukan Alhaji, ni zan tuƙa, Lawal zai bi mu ya karanta takarda.

"In muka dawo na sami jaka ɗaya a kwance, ko ƙwai ɗaya a fashe, a nan ƙofar gida za ka miƙa wa Lawal makulli. Isuhu, ka ji?"

"Na ji, Hajiya," in ji mai shanu ɗari.

Washegari na je tasha neman shawara wurin manyan direbobi, na samo abin da ake samu a tasha. Wani ya ce in cika but da yashi in binne kayan. Wani ya ce in tafi da giya ɗaya tun daga Kano, ma isa Daura da salla. Wani kuma ya ce abu mai sauƙi, in sa ita Hajiyar a but ta riƙe kayanta. Na dawo ɗaki bayan la'asar na zauna a bakin ƙofa na yi tagumi. Innarku tana tankaɗe. A lokacin ba ta fiye yi mini magana mai tsawo ba, kunyar amarci ba ta gama sakinta ba. Amma labarin kunu ya riga ni isowa, don na ga kafaɗunta na rawa.

"Yi dariyarki a fili," na ce, "kafin mu koma ƙauye a ƙasa."

Ta sa na kwatanta mata yadda na jera kayan. Na zana mata a ƙasa da tsinke, hagu da dama, da igiya a tsakiya. Ta daɗe tana kallo.

"Malam, kayan jaki a rataye suke. Nauyinsu ke riƙe su. Kayan mota kuwa a zaune suke. Ka taɓa ganin an rataye randa?"

Ta nuna mini randarmu a kusurwa, gindinta a cikin ɗan ramin da ta yi mata. Ta nuna tulun da ke kusa da ita, zaune a kan gammo, wannan naɗin tsumma da mata ke ɗorawa a ka in za su ɗauki kaya. Ta ce tun tana yarinya take ɗauko ƙwaryar nono daga ruga, da gudu ma, ba ta taɓa zubarwa ba, kuma ba ƙwaryar ce mai hankali ba, gammon ne. Nan take ta yaga wani tsohon zane, ta murɗa, ta naɗe, ta soke bakin. Ta ɗora kwalbar man gyaɗa a kai ta ce in tura. Na tura, kwalba ta yi rangaji ta dawo ta zauna. Na ji kamar an sauke mini buhu. Amma da muka gwada da jakar takarda cike da gero, sai ta lanƙwashe ta kife. Jakar kanti ba ta da ƙashi. Tana son bango a kewaye da ita, ba mazauni kaɗai ba.

A nan ne idona ya yi abin da bai kamata ba. Ya tashi ya sauka a kan jerenta. Ku 'yan yanzu ba ku san jere ba sai a baki. Kwanuka ne na amarya, fanteka da langa masu furanni, a jere tun daga ƙasa har kusa da rufi, ba a ci a ciki, ba a taɓawa sai ranar goge su. Mahaifiyarta ta yi shekaru tana dama fura tana tara su ɗaya bayan ɗaya, kowanne da ɗigon jan fenti a gindi don kada ya ɓace a gidan biki. Duk macen da ta shigo ɗakin, jeren take fara dubawa kafin ta dubi mai ɗakin.

"A'a," in ji innarku, tun ban buɗe baki ba.

"Ni na ce wani abu?"

"Idonka ya ce."

Ban sake tayar da maganar ba, kuma wannan yana cikin 'yan abubuwan kirkin da na yi a shekarar. Ranar Laraba da la'asar na shigo na tarar ta hau turmi tana sauko da su da kanta. Fanteka shida, da babbar kwalla. Ga gammo bakwai ta naɗa ta ajiye a gefe. Ba ta dube ni ba.

"Yadda suka fita haka za su dawo," ta ce.

Da yake motar na wurina don wanki, muka jira layin ya yi shiru ta leƙo da mayafi ta tsara mini but. Kwalla can ciki, jingine da bayan kujera, don galan da kwalabe, a cusa tsumma a tsakaninsu. Kowace fanteka a kan gammonta, jaka ɗaya a cikin kowacce, a matse su kafaɗa da kafaɗa. Masu nauyi ciki, ƙwai da burodi daga baki. Kananzir shi kaɗai a cikin tsohon bokiti a kusurwa, kamar mai ƙyanda. Inda duk ya rage fili, a naɗe buhu a toshe.

"Kada ka bar musu wurin gudu," ta ce. "Abin da bai sami wuri ba ba ya faɗuwa."

Kwanukan dai a ɗaki suka kwana. Da safiyar Alhamis ina fitowa da su a rungume sai maƙwabciyarmu Iya Kande ta gan ni. A garinmu in an ga ana fitar da jeren mace ana sawa a mota, magana ɗaya ce. Ta saki tsintsiya ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Wata bakwai kacal? Me yarinyar nan ta yi maka, ɗan banza?"

Innarku ta amsa daga bayan ƙyaure: "Iya, kwanukan ne za su ga Kano. Ni ina nan."

A Kano muka gama saye, na buɗe but a ƙofar kanti. Lawal ya leƙa ya ƙyalƙyale, ya ce ashe amarya muka zo ɗauka ba a gaya masa ba. Hajiya Babba ba ta yi dariya ba. Ta ɗaga fanteka ɗaya ta juya gindinta, ta ga jan ɗigon, ta dube ni, ta mayar. Na jera kaya yadda aka koya mini, ina yi ina maimaita karatun a zuci kamar mai tilawa. Na jijjiga motar da kafaɗa, ba abin da ya motsa. Muka kamo hanya.

Damina ta ci gefen titi a shekarar, kuma lokacin manyan motocin siminti ne, kowa na gini, direbobinsu ba sa ganin ƙaramar mota a matsayin mota. Mun wuce rabin hanya lafiya, har na soma jin daɗin kaina, sai ga ɗaya ta fito daga kwana a tsakiyar titi. Na kauce, tayoyin dama suka faɗa wani rami da ruwa ya haƙa, motar ta yi tsalle ta dire. Daga baya muka ji ƙwal! Ƙara ɗaya, mai kaifi.

"Shi ke nan," in ji Lawal, da muryar mai ta'aziyya, amma har ya soma gyara zama kamar mai auna nisan ƙafarsa da birki.

Na rage gudu zan tsaya.

"Wa ya ce ka tsaya?" in ji Hajiya daga baya. "A gida za a buɗe."

Ban san tsawon hanyar Daura ba sai ran nan. Ina tuƙi ina buɗe hanci ko zan ji kananzir. Ina lissafa abin da zai iya yin irin wannan ƙara: kwalbar mai, ko kwalbar zuma da Hajiya ta saya wa uwar matar Alhaji. Na ga kaina a hanyar Sandamu da rana tsaka, na ga 'yan ƙauyenmu a gindin bishiya suna tambayata ina motar. Azumi ya busar mini da baki. Hajiya kuwa sai jan carbi take, har da ɗan gyangyaɗi.

Muka iso gab da la'asar sakaliya. Kafin in kashe mota ƙofar gida ta cika, don duk unguwa ta san da shari'ar. Alhaji ya fito, liman ma ya ratso wai hanya ce ta biyo da shi. Na zagaya baya na sa makulli a ramin but. Na ɗaga murfi na kau da kai.

Shirun da na ji ne ya sa na juyo. Jakunkuna shida a tsaye cikin kwanukansu kamar sahun salla. Galan na nan, zuma na nan, bokitin kananzir a kusurwarsa ko ɗigo bai zubar ba. Hajiya ta sa hannu ta taɓa ƙwai ɗaya bayan ɗaya. Ta buɗe sukari ta shinshina ta miƙa wa liman shi ma ya shinshina. Ya ce wannan kam na sha ne. Na zauna a kan bambar motar ban sani ba. Sai a lokacin na ga abin da ya yi ƙara. Ƙarfen kwance taya ne, wanda na manta ban naɗe ba. Ya yi tsalle ya sari fanteka mafi kyau, mai jan fure, ya ɓantare mata fenti kamar faɗin farcen babban yatsa, baƙin ƙarfe ya fito.

Hajiya ta ciro gammo ɗaya tana juya shi.

"Wa ya naɗa wannan?"

"Ni, ranki ya daɗe." Hali zanen dutse.

Ta warware shi tsaf ta miƙo mini tsumman a gaban jama'a. Na murɗa, ya warware. Na sake, ya fito kamar hanjin akuya. Har Lawal sai da ya tausaya mini ya dubi ƙasa.

"Bar shi haka, kada ka ji wa kanka ciwo," ta ce. "Makulli ya zauna a wurinka. Ba don hankalinka ba, don ban gan shi ba tukuna. Amma yarinyar da ta sauke jerenta saboda kai ta ga wani abu, kuma ta fi ni kusa da kai. Ka gaishe ta."

Shekara goma sha tara na yi ina tuƙa Alhaji Isuhu daga ranar. Da wannan makulli aka ciyar da ku duka. Lawal ma Allah ya yi masa tasa hanyar, ya sami aikin tuƙi a wani ofis a Katsina, muka zama abokan wasa har ya rasu.

Sai dai a yammacin nan da sauran shari'a ɗaya a gabana. Na wanke kwanukan a bakin rijiyar gidan Alhaji, na sa mai tabon a can ƙasan sauran. A hanya har na yi tunanin biyawa wurin mai fenti, sai na tuna inda irin wannan dabara ta kai ni. Na shiga da sallama na ajiye su a gabanta. Ta ɗauke su ɗaya ɗaya tana shafawa da tafin hannu, ba ta ma duba ba, yatsanta ne ya faɗa wurin. Ta tsaya. Ta daɗe tana shafa baƙin tabon. Na soma bayanin motar siminti da rami da ƙarfe, ta ɗaga hannu.

"Makullin fa?"

Na ciro shi na nuna mata. Ta dube shi, ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya, sai a lokacin na gane ashe ita ma tun safe a tsaye take. Ta hau turmi ta mayar da biyar da kwalla mazauninsu. Mai jan furen ta bar ta a ƙasa, ta ɗauraye, ta juye kunun shan ruwa a ciki, ta ajiye a tsakaninmu da ludayi biyu.

"Wannan ta gama zaman ado, ta shiga aiki kamar mai gidan," ta ce. "Matso, Malam, ga ladan can ya fara."